Ruwa Ne Kawai

Shafi na 23

Masu tsare ni a waya kuna cewa shafin baya ya yi gajarta, na ji, ga wannan na ɗan ja shi. Ke kuma da kika ce in tausaya wa Dakta, ki yi haƙuri 'yar uwa, ni ma ba yadda na iya.

*

Ba aiki ne ya sauko da Dakta ɗakin gwaji ba ranar. Hutu take yi tun da aka kwantar da mijinta, Malam, a hawa na uku. Hayaniya ce ta koro ta.

Tun shekaranjiya da likitan tiyata ya huda ƙoƙon kan Malam ya zuƙe jakar ruwan da hoto ya nuna a ƙwaƙwalwarsa, ɗakin jinyar ya koma kamar tasha. Ciwon kai ya tafi. Hannun da yake sakin alli a gaban ɗalibai ya dawo yana riƙe kofi. Shi ke nan dangi suka yanke hukunci da kansu, ba su jira kowa ba. Ruwa ne kawai. Inna, mahaifiyarsa, ta yi ta faɗa wa mutane a waya har cajinta ya ƙare, ta ari ta Dakta ta ci gaba.

Dakta ba ta ce musu komai ba. Ta san ruwan yana ƙasa, a sashensu, inda ake shafa shi a 'yan gilasai a rina, a leƙa a ga irin ƙwayoyin halittar da ke yawo a ciki. Aikinta ke nan. Sai dai a sashen akwai doka, ba ka duba na naka. Don haka Farfesa, shugabansu, ya karɓi na Malam da hannunsa, ya ce ta je ta yi jinya.

Abu ɗaya Malam ya roƙe ta kafin a tura shi ɗakin tiyata.

"Ko me aka gani, daga bakinki nake so in ji. Kar ki bari wani ya tsaya a kaina da farar riga yana mini kwana-kwana."

Ta ce to. Tun daga ranar wannan "to" ɗin take zaune mata a ƙirji.

Ta tura ƙofar sashen, warin sinadari ya tare ta, sai ta ji numfashinta ya ɗan sauka. Ta manta ma yau ranar koyarwa ce. Ɗalibai sun kewaye babban madubin nan na duba ƙwayoyin halitta, mai kawuna da yawa, wanda mutum ɗaya ke juya gilashi sauran duk su ga abin da yake gani.

Dogo ne ke jan zaman. Likita ne mai neman ƙwarewa a ƙarƙashinsu, jiya-jiya ya dawo daga wani kwas, bai san wainar da ake toyawa a gidan kowa ba. Yana ganinta ya miƙe har kansa na neman taɓa fanka.

"Ranki ya daɗe, Allah ne ya kawo ki. An ce kina hutu."

"Ina hutu. Wucewa nake."

"Minti biyu kawai. Na samo wani abu, wallahi na kasa gane kansa, su kuma waɗannan sai kallona suke kamar ni na haife shi."

Ɗaliban suka yi dariya. Wata 'yar siririya mai tabarau ta tashi ta ba ta kujera.

Yadda suke yi a zaman nan, sai an manna filasta a kan lambar gilashin tukuna. Ba suna, ba shekaru, ba labarin mai shi. Ido kawai. Farfesa ne ya kawo tsarin, wai labari yana sa ido ya ga abin da babu.

Ta zauna. Ta kafa ido, ta murza har hoton ya washe.

Shuɗi-shuɗi da ja-ja, da tarkace ko'ina.

"Wannan ruwan wata jaka ne," ta ce. "Kun ga waɗannan masu kumfa a ciki? Masu shara ne, sun ci datti sun ƙoshi. Kowace jakar ruwa akwai su."

Wani abu ya ɗan taɓa mata zuciya, ta kore shi. Gwaji nawa ke shigo musu daga asibitoci kullum? Na Malam kuma yana hannun Farfesa.

"Matsa can ƙarshen gilashin, ranki ya daɗe," in ji Dogo. "Gefen dama."

Ta matsa.

Ta tsaya.

Wasu ƙwayoyi ne a dunƙule, sun jeru sun kewaye wata siririyar jijiyar jini, kowace ta miƙa mata ƙafa, kamar yara sun taru a bakin famfo. Ta ƙara girman hoton. Cibiyoyinsu manya, baƙaƙe, ba wadda ta yi kama da 'yar uwarta. Ga ɗaya an kama ta tana tsakiyar rabewa biyu. Ga wata. Ga wata kuma.

"Kai," ta ce a hankali. "Wannan ya yi kyau."

Kar ku zage ta. Haka mutanen ɗakin gwaji suke magana, kaf ɗinsu. Abin da zai sa wani gida kuka, su idan ya fito tsaf a gilashi sai su ce ya yi kyau. Ba mugunta ba ce, sabo ne.

Rabon da ta ji irin wannan daɗin tun kafin Malam ya fara ciwon kai. Ta gyara zama, muryar koyarwarta ta dawo. Ta nuna musu jerin, ta nuna musu jijiyar, ta ce kowa ya kalla da kyau ya adana a kansa. Sannan ta faɗi sunan abin, dogon suna da turancin likitoci wanda ko na rubuta muku ba abin da zai ƙare ku da shi.

"Ƙari ne na ƙwaƙwalwa," ta ce. "Likita zai yi aiki har ya yi ritaya bai gamu da shi ba. Ni ma sau ɗaya na taɓa gani, ina ɗaliba. A same shi a cikin ruwa kuma, ba a nama ba, wannan sai an yi sa'a."

Dogo ya buga tebur da tafin hannu.

"Na faɗa muku. Idon Dakta ba irin namu ba ne."

Mai tabarau ta ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, shi mai shi fa? Me zai faru da shi?"

"Ruwan ba shi ne cutar ba," in ji Dakta, idonta na kan madubi. "Ƙarin ne yake tara shi. Idan an zuƙe, mutum zai ji sauƙi sosai. Ciwon kai ya tafi, ƙarfi ya dawo, har ya ɗauka ya warke, 'yan uwa su fara..."

Hannunta ya tsaya cak a kan madubin.

Ba wanda ya lura. Suna ta rubutu.

"Yana warkewa?" yarinyar ta sake tambaya.

Bakin Dakta ya ci gaba shi kaɗai, ita tana daga gefe tana jin sa.

"Sai an buɗe an cire abin da ya ciru, a bi da gashin haske da magani. Amma da irin wannan rabewar da nake gani, sai dai a ja masa kwanaki. Sauran na Allah ne."

Ta ɗago kai. Ta dubi Dogo.

"Ina ka samo shi?"

Ya yi murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Ofishin Farfesa. Na je ɗaukar na koyarwa a tirensa kamar kullum, duk ba wani abin a zo a gani. Sai na ja durowa na ga wannan shi kaɗai, an naɗe shi a takarda an tura can ciki. Na ce lallai tsohon nan ya sami mai daɗi yana so ya ci shi kaɗai."

Ɗalibai suka sake dariya.

"Ka karanta bayaninsa?"

"Sama-sama, kafin in manna filasta. Namiji ne, ya ɗan haura arba'in. Shekaranjiya aka zuƙo. Wai malamin makaranta ne ma, bawan Allah."

Dakta ta zare gilashin daga madubi. Ba shi da nauyin komai. Ta ɗora babban yatsanta a kan filastar, gefenta ɗaya ya ɗan ɗago. Ba ta ɓare ba.

Ta jira ta ji wani abu. Kuka, ko jiri, ko faɗuwar gaba. Ba abin da ya zo. Sai ƙarar firij da take ji, da wani ɗalibi da ke taɓa biro a haƙori.

Ƙofa ta buɗe. Farfesa ne, da takardun taro a hammata. Ya ga Dakta a kujerar madubi, ya ga abin da ke hannunta, ya ga takardar da ya naɗe shi da ita a yashe a kan tebur. Takardun hammatarsa suka zame, bai bi ta kansu ba.

"Kowa ya fita."

"Farfesa, ai yanzu muka..."

"Na ce ku fita. Har kai."

Dogo ya dubi Farfesa, ya dubi Dakta. Murmushin ya daɗe a fuskarsa kafin ya gane ba wurin zamansa ba ne. Ya buɗe baki.

"Ranki ya daɗe, maigidanki ai shi ma malamin..."

Bai ƙarasa ba. Ya dafa bango ya fita.

Farfesa ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Tun jiya da yamma na gani," ya ce. "Na so in fara magana da likitan tiyata, mu zauna da ke tare. Laifina ne, da na kulle durowar."

"Ba komai."

"'Yata, ki saurare ni. Ruwa ne muka duba. Ke kin fi kowa sanin ba a rufe magana da ruwa, sai an ciro nama an tabbatar."

"Na sani."

"Zai iya zama wani abin daban."

"Farfesa, kai me ka gani?"

Ya kalli gilashin da ke hannunta.

"Abin da ka gani na gani," ta ce. "Har na koya wa yara."

Ya sunkuyar da kai. Tsohon da ko a gaban shugabannin asibiti ba ya rasa ta cewa, yau ga shi yana kallon takalminsa.

"Kar ki faɗa masa yau. Ba a rubuta sakamako ba, ban sa hannu ba. A ƙa'ida ma ba ki gani ba. Ki bari gobe mu hau tare da likitansa, mu yi masa bayani yadda ya kamata."

"Yau za a sallame shi."

"Zan kira su in ce su riƙe shi."

"Zai tambaye ni dalili."

"Ki ce ba ki sani ba."

Ta miƙa masa gilashin. Ya karɓa da hannu biyu.

"Ban taɓa yi masa ƙarya ba," ta ce. "Ban san yadda ake farawa ba."

Ta wanke hannu a famfon bakin ƙofa, don haka ta saba, ta goge, ta fita.

Dogo yana tsaye a baranda, ya haɗa kai da bango. Da ya ji tafiyarta ya juyo, idanunsa sun kaɗa.

"Ranki ya daɗe, wallahi tallahi ban..."

"Ka shiga ka cire masa filastar," ta ce. "Tana ɓata lamba idan ta daɗe."

Ta wuce.

Ba ta jira lif ba, ta bi matakala. Wata nas ta gaishe ta, ta amsa. Wani mai gadi ya yi mata ya mai jiki, ta ce da sauƙi. Ta lura an sake fentin bangon hawa na biyu, ta lura mai fentin ya bar ɗigo a ƙasa. Komai tana gani tar, amma kamar ta bayan gilashin mota.

Tun daga nesa ta jiyo muryar Inna.

An riga an haɗa kaya. Bargo a naɗe, filas da kofuna a cikin leda, Yaya Babba, yayar Malam, tana zaune a kan jakar tana danna ta don zif ya rufu. Gimbiya, 'yarsu tilo, ta taho kai tsaye daga makaranta ko kayan ba ta cire ba, ta zauna a gefen gado tana yi wa babanta tsiyar askin da aka yi masa rabi.

Malam kuwa har ya sa rigarsa ta gida. Bandeji a gefen kai, fuska fayau.

"Ga ta nan," in ji Inna. "Likita, ina kika shige? Ke kaɗai muke jira. Sun ce da an kawo takarda sai tafiya."

"Na ɗan sauka ne, Inna."

"Ni dai na gode wa Allah. Yaron nan ya tsorata ni. Ashe ruwa ne kawai ya taru, kamar wanda aka bari a ruwan sama." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma ka rage lissafin nan, shi ke tara maka ruwa a ka."

"Inna, da lissafi na tara ruwa ai da Gimbiya ba ta da ko ɗigo."

"Abba!"

Aka yi dariya. Dakta ma ta ji fuskarta ta yi abin da ake yi idan ana dariya.

Yaya Babba ta samu zif ya rufu, ta miƙe tana haki.

"Ke Gimbiya tashi ki tattaro sauran tarkacen babanki. Inna, mu fara sauke waɗannan, direba na jira."

Tun da matarsa ta shigo Malam yake kallonta, dariyarsa ta riga ta kowa tsayawa.

"Inna, ku yi gaba," ya ce. "Zan yi magana da Dakta."

"Maganar me kuma da ba za a yi a gida ba?"

"Ta miji da mata."

"Ji ɗan nema. To Allah ya ba ku haƙuri, mun tafi."

Aka kwashi kaya ana ta surutu, muryoyin suka yi nisa, ƙofa ta rufe.

Dakta ta tsaya a ƙarshen gado ta riƙe ƙarfen. Sanyi gare shi.

"Zo nan," ya ce.

Ta matso. Ya ɗaga hannu, wancan da ya warke, ya shafa ƙasan idonta da yatsa, ya zagaya har kan karan hanci.

"Kin leƙa madubi."

Ta kai hannu ta taɓa wurin.

"Ga shatarsa nan a fuskarki. Kullum da ita kike dawowa gida, sai kin yi wanka take ɓacewa. Ke da kike hutu, me ya kai ki?"

"Koyarwa suke yi. Suka ce in duba musu wani abu."

"Na wa?"

Maganar Farfesa tana nan a kunnenta, ki ce ba ki sani ba. Ban sani ba, kalma uku ce, ko yaro zai iya. Ta jera su a baki, ta ga sun ƙi fita.

"An rufe lambar," ta ce. "Ban san naka ba ne sai da na gama."

Ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

"To. Ina ji."

Ta faɗa masa. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce akwai ƙari a bayan ruwan, shi ke tara shi, kuma zai sake tarawa. Ta ce irinsa ba shi da yawa a duniya. Ta ce sai an buɗe kan an ciro nama kafin a tabbatar, amma ita ta ga abin da ta gani, Farfesa ma ya gani. Muryar da ta yi wa ɗalibai bayani da ita, da ita ta yi masa, don ba ta da wata.

Ya saurara kamar yadda yake sauraron ɗalibi mai kawo amsa a allo, yana gyaɗa kai.

"Ana warkewa?"

"Ana yin aiki. Ana ba da magani."

"Dakta."

"Ba a cika warkewa ba."

Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, can ƙasa, sau ɗaya. Ya kalli takalmansa da aka jera masa a bakin gado, an juyo da su don ya zura ƙafa kawai.

"Na riga na faɗa wa 'yan ajin ƙarshe ina dawowa ranar Litinin," ya ce.

"Na sani."

"Ke kuma ba ki yi kuka ba."

"Ya ƙi zuwa."

"Bar shi, zai zo." Ya kama hannunta ya zaunar da ita kusa da shi. "Na gode da kika faɗa mini da kanki."

A waje wani yana tura keken marasa lafiya mai ƙara a ƙafa ɗaya.

Can ya ja numfashi, ya koma Malam ɗinsa mai tsara komai.

"Ga yadda za a yi. Inna ki ce mata ɗinkin ne bai kama ba, sun ƙara mini kwana. Hawan jininta ba zai ɗauki wannan ba. Yaya Babba kuma zan faɗa mata da kaina, amma ba yau ba."

"To."

"Gimbiya kuma jarrabawa gare ta. Ko da wasa kar ta sani sai ta gama. Kin ji ko? Ko me za a yi mini, ita dai kar ta sani."

A lokacin ne aka kashe famfon banɗaki.

Sai da ƙarar ta ɗauke suka gane tun ɗazu ruwa yake zuba a ciki. Ba wanda ya ga fitar yarinyar tare da su Inna. Ba wanda ya duba.

Ƙofar banɗakin ta buɗe.

Gimbiya na tsaye, buroshin babanta da rezarsa a hannu ɗaya, jiƙaƙƙen tawul a ɗayan, yana ɗiga a kan takalmin makarantarta. Ba ta kalli uwarta ba.

"Abba," ta ce, "kar in san me?"